Dubu 130 ce a hannuna: in sayi sabuwar ƙaramar waya ko in haƙura?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san waya. Wayata da na yi shekara huɗu da ita ta mutu ranar Talata, mai gyara ya ce injinta ne ya ƙone, kuɗin gyaran ya kusa sayen wata. Ni kuwa da waya nake cin abinci. Atamfa da leshi da mayafai nake sarowa a Kantin Kwari, in ɗauki hoto in ɗora a sitatus, mata su zaɓa su turo kuɗi, in ba ɗan sahu ya kai musu. Yau kwana uku ke nan sai da daddare nake aron ta maigidan.

Na kwashi adashi, abin da zan iya fitarwa ban taɓa jari ba naira dubu 130 ne. Jiya na shiga wani shago, yaron ya ɗauko mini wata sabuwa dal a kwali, ya ce ram ɗinta 8, kyamara 50, batir 5000. Ƙanina kuma ya ce kada in kuskura, wai duk wayar da ba ta kai dubu 200 ba yanzu zubar da kuɗi ce, gara in nemi babbar waya ta hannu. Kaina ya ɗaure. Ta yaya mutum zai gane waya mai araha ta cancanci kuɗinta tun kafin ya biya?

Abu_Sadiq_Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni ina bayan ƙaninki. Araha ba ta ado.

Injiniya_Nura_GSM:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata tara ina gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, bari in fara da wannan 8 ɗin da yaron ya faɗa miki, domin a nan aka fi kama mutane.

Ki koma ki ce ya ba ki kwalin ki duba da idonki. Kusan na tabbata ba 8 za ki gani ita kaɗai ba, za ki ga an rubuta 4+4 ko 3+5. Lambar farko ita ce ram na gaskiya, wanda aka liƙa a jikin injin. Ta biyun aro ce, wayar ke yanko wani ɓangare na memorinta ta riƙa amfani da shi kamar ram. Ke 'yar kasuwa ce, za ki gane da wannan: ram shi ne teburin da kike baza atamfa a gaban mai saye, memori kuma shi ne sito inda diloli suke. In teburinki turmi huɗu yake ɗauka, don kin ware wani lungu a sito kin ce shi ma tebur ne, bai hana ki tashi ki je ki ɗauko ba duk sanda aka ce a ga wani zane. Yana ɗan taimakawa, amma ba ya zama tebur.

Ga aikinki, WhatsApp a buɗe, ki fita ki shiga kyamara, ki leƙa manhajar banki ki ga ko kuɗi sun shigo, ki dawo. Da ram 2 ko 3, kafin ki dawo WhatsApp ɗin ya rufe kansa, sai ya sake tashi daga farko. Kada ki yarda da ƙasa da 4 na gaskiya.

Na biyu, ki tambayi sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin da ke tafiyar da aikin wayar. Yaran shago da yawa ba sa son wannan tambayar. A wannan farashin galibi za ki tarar da Unisoc, irin su T603 da T606, ko MediaTek Helio. T606 ba laifi, ita ce a cikin Tecno Pop 8. Amma Helio G85 ta fi ta ƙarfi, ita ce a Tecno Spark 20 da Redmi 13C da Samsung A05. In kika ga an rubuta SC9863A, tsohon inji ne sosai, ki ajiye ki yi gaba.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai Injiniya, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban duba kwalin ba, baki kawai na saurara. Gobe in sha Allah zan koma.

Khalifa_S:
@Injiniya_Nura_GSM duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka kauce wa ainihin maganar. G85 ɗin da kake yabo, wace tsohuwar babbar waya ce ba ta fi ta gudu ba? Ni Samsung S10 'yar Landan nake riƙe da ita, ta fito tun 2019, ram 8 na gaskiya, sikirin ɗinta in ka kalla ba ka son ɗauke ido, hotonta kuwa babu wata sabuwa ta dubu 150 da za ta kama ƙafarta. Hajiya hoto take sayarwa kafin ta sayar da atamfa. Me zai kai ta ga wayar yara?

Injiniya_Nura_GSM:
@Khalifa_S ban musa maka gudu da hoto ba. Amma ka je ka tambayi kuɗin sikirin ɗin S10 na asali, wannan mai lanƙwasa a gefe. Ranar da ta faɗi a kan siminti, abin da za a ce ka kawo zai iya sayen sabuwar ƙaramar waya. Sannan batir ɗinta tun tana sabuwa 3400 ne, yanzu kuma ya sha caji na shekaru. Kai wataƙila kana zaune kusa da soket. Hajiya tana yawo a Kwari daga safe zuwa la'asar.

Khalifa_S:
Batir ai ana canzawa.

Injiniya_Nura_GSM:
Ana canzawa, ni nake canzawa ma. Samun na asali ne aiki. Yawancin wanda ke kasuwa wata shida ya fara kumbura.

Baba_Mai_Goro:
Yara, ku bar tsorata baiwar Allah. Ni Itel nake riƙe da ita, ɗana ya saya mini shekara uku da suka wuce, har yau ba ta taɓa zuwa wajen mai gyara ba. Ina kira, ina jin saƙon murya na 'yan uwa daga Shagamu in goro ya taso, ina sauraron karatun Alƙur'ani da labaran BBC Hausa da safe. Caji ɗaya kwana biyu. Da na biye wa masu cewa ƙaramar waya asara ce, da har yanzu ina jiran kuɗin babba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Zainab_Turare:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma aikinka da na Maman Ilham ba ɗaya ba ne. Kai kunne kake amfani da shi, ita ido.

Yaya, ni turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma na taɓa yin atamfa kafin in bari, don haka na san ciwon. Maganar kyamara 50 ɗin nan kada ta ruɗe ki. Na taɓa sayen wata sabuwa saboda wannan lambar, na ɗauki hoton wani leshi ruwan toka mai ɗan shuɗi-shuɗi, a hoton ya fito kamar sararin samaniya. Mata uku suka biya, da aka kai musu biyu suka dawo da shi suna cewa ba shi suka gani ba. Ɗaya har yau ba ta ƙara saye a wurina ba. Asarar da na yi a ranar ta fi bambancin kuɗin da ke tsakanin wayar da wadda ta fi ta.

Shawarata, in za ki koma shagon ki tafi da ƙyalle biyu ko uku a jaka, musamman masu wahalar launi: ja mai duhu, ruwan hoda, kore shar, da wani mai ɗigo-ɗigo ƙanana. Ki ce a ba ki ta gwaji ki ɗauka a cikin shagon, ki fito bakin ƙofa ki sake ɗauka. Ki ɗora wayar a kan ƙyallen ki kwatanta. Sannan ki tura hoton zuwa wayar wani ki gani a can, domin wata wayar sikirin ɗinta ne ke ƙawata hoto, in ya je wa mai saye sai ya koma wani abu. Gani ya kori ji.

Ummu_Hanifa:
@Zainab_Turare wallahi kin faɗi abin da ke raina. Ƙari a kai, haske ya fi kyamara muhimmanci. Ni da safe wajen ƙarfe tara nake shimfiɗa kaya a inuwar tsakar gida in ɗauka, ba a rana tsaka ba, ba kuma a ɗaki da fitila ba. Ko ƙaramar waya ce tana ba da hoto mai kyau a wannan lokacin. Da magariba ta yi ne ake gane ta masu kuɗi da ta talaka.

Sadiq_Kwamfuta:
In ƙara da bayani kan kyamarar. Waɗannan idanu biyu ko uku da kuke gani a bayan ƙananan wayoyi, galibi ɗaya ne ke aiki da gaske. A wasu, na biyun ko megafiksel ɗaya bai kai ba, in ka duba takardar bayanin sai ka ga 0.08. Wani zagayen ma fitila ce kawai aka yi mata gida kamar kyamara. Kuma mai 50 ɗin, in ba ka shiga ka zaɓa da kanka ba, hoton da take fitarwa wajen 12 ne, domin tana haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya. Daga nan WhatsApp ya sake matse shi. Tun 2023 akwai maɓallin HD in za ki tura hoto kai tsaye ga mutum, ki riƙa danna shi in mai saye ta ce tana son ganin zanen da kyau.

Abu_Sadiq_Zariya:
Duk wannan wahalar saboda kuɗinmu ya lalace ne. A 2020 dubu arba'in da 'yan kai na sayi waya mai kyau, ta yi mini shekara uku. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, komai ya ninka. Wayar ba ta ƙara kyau ba, kuɗin ne ya zama takarda. Abin da muke kira mai araha yau, da can kuɗin babbar waya ne.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Maraɗi da sefa muke saye, amma salula ɗin iri ɗaya ce da taku, Tecno da Itel da Infinix su ne suka cika kasuwa. Abin da zan ce wa Hajiya shi ne batir. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agustan 2023, a nan muka san wace salula ce ta kirki. Masu manya masu tsada suna layi wajen mai caji tun hantsi, mu masu ƙanana muna kai dare. Na sayi tawa jika arba'in da biyar, wato sefa dubu arba'in da biyar, ban yi nadama ba.

Injiniya_Nura_GSM:
@Dan_Maradi gaskiya ne, kuma dalilin shi ne sikirin ɗin ƙananan ba ya cin wuta sosai, injin ma haka. Amma Hajiya, 5000 ɗin nan yanzu kusan kowace waya tana da shi, ba abin alfahari ba ne. Abin tambaya shi ne wat nawa take caji. Mai wat 10 sai ta kusa awa uku kafin ta cika, mai 18 tana rage miki kusan awa guda. In unguwarku irin tamu ce da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke, wannan bambancin shi ne komai. Ki duba bakin cajin ma, ki ɗauki mai Type-C, kada ki ɗauki mai tsohon siririn bakin nan, shi ne ya fi kawo mini aiki a shago. Kuma ki buɗe kwalin a gabansa ki ga akwai kan caja, domin wasu kamfanonin igiya kawai suke sakawa yanzu.

Hauwa_Gombe:
Ni dai Infinix ta fi Tecno nesa ba kusa ba, kamfaninsu ya fi iya waya.

Sadiq_Kwamfuta:
@Hauwa_Gombe 'yar uwa, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tecno da Infinix da Itel duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma wurin gyaransu ɗaya ne, Carlcare. Har kayan Oraimo nasu ne. Sau da yawa in ka buɗe Tecno Spark da Infinix Hot na shekara ɗaya, injin kusan ɗaya za ka gani, riga ce ta bambanta. Don haka ba sunan da ke baya ake dubawa ba, lambar samfurin ake bi ɗaya bayan ɗaya.

Hauwa_Gombe:
Ikon Allah, yau na sani. Na gode.

Maman_Ilham:
'Yan uwa na dawo daga shagon. Injiniya, kamar kana wurin. 3+5 aka rubuta da ƙananan baƙi a gefen kwalin, memori 64, kuma da ya kunna ta na ga an rubuta Android Go. Da na tambayi sunan furosesa sai ya ce shi dai ya san waya ce mai kyau. Akwai wata a gefenta mai 4 na gaskiya da memori 128, amma ya ce sai na ƙara dubu 35. Ban sayi komai ba, na ce zan yi shawara. Mene ne Go ɗin nan kuma?

Sadiq_Kwamfuta:
Android Go wani sassauƙan Android ne da Google ya yi domin wayoyi masu ƙaramin ram. Ba jabu ba ne, kuma WhatsApp da manhajojin banki suna aiki a kai. Amma ganinsa alama ce cewa kamfanin da kansa ya san injin ba mai ɗaukar kaya da yawa ba ne. Ga Baba Mai Goro ya wadatar. Gare ki, ina jin za ki takura kafin shekara.

Memori 64 ɗin ma ya fi damuna. Tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye fiye da giga goma. Ke kuma kullum hoto da bidiyon kaya, ga guruf-guruf na 'yan kasuwa da na dangi da na islamiyya, kowa na turo bidiyo. Wata huɗu za ta fara ce miki wuri ya cika. Kuma ƙaramar waya in memorinta ya kusa cika, a nan take fara ƙamewa, har ram ɗin aron nan ma daga wurin ake yankarsa.

Malam_Tukur_Lissafi:
Hajiya, ni malamin makaranta ne, bari in yi miki lissafi irin namu. Kada ki tambayi nawa wayar take, ki tambayi nawa take ci miki a wata. In kika sayi ta dubu 130 ta gajiyar da ke a wata 18, kin biya sama da dubu bakwai kowane wata. In kika sayi ta dubu 165 ta kai ki shekara uku, ba ki kai dubu biyar a wata ba. Mai tsadar ita ce mai arahar. Amma wannan lissafin yana tsayawa ne in har dubu 35 ɗin ba za ta karya miki jari ba, kuma in har wayar ta kai shekara ukun, wanda babu mai iya rantse miki a kai.

Abu na biyu da ba a ambata ba shi ne sabuntawa. Waya tana iya zama lafiya lau a jiki amma manhajoji su guje ta. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5 ba, kuma manhajojin banki sun fi shi saurin juya wa tsofaffin wayoyi baya. Samsung ya yi alƙawarin shekara huɗu na sabunta tsaro ga A05, ga A16 kuma har shekara shida. Ki tambayi wace lambar Android ce a kan wadda za ki saya, kada a ba ki wadda ta daɗe a sito tana ɗauke da tsohon tsari. Wannan kuma shi ne abin da zan ce wa @Khalifa_S: S10 ta tsaya a Android 12, ba za ta ƙara gaba ba.

Khalifa_S:
Malam, Android 12 har yanzu babu abin da ba ya buɗewa. Kafin a daina karɓarsa, ita sabuwar ƙaramar ta daɗe da mutuwa.

Habu_Adaidaita:
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Duk kuna lissafin shekara uku kamar wayar za ta kwana a hannun mutum shekara uku. Mu da muke kan titi mun san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya a garin nan. An tare ni bayan isha'i da wuƙa, na miƙa, ban yi gardama ba, kuma dalilin da ya sa na iya miƙawa da sauƙi shi ne ƙarama ce. Abokina da ya tara kuɗi wata takwas ya sayi babba, da aka zo karɓa ya tsaya jayayya, har yau hannunsa bai koma daidai ba. Ni tun daga ranar na yanke wa kaina, ba zan riƙe wayar da in ta tafi zan kasa barci ba. Hajiya tana shiga kasuwa da cunkoso, ta sa wannan a lissafi.

Ummu_Hanifa:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya kare mu baki ɗaya.

Lauya_Bashir:
Maganar Malam Habu ta kawo mu ga ɗaya fuskar wayar hannu. Wayoyin da ake ƙwacewa ba ɓacewa suke ba, kasuwa suke komawa. Wanda aka kama da ita a hannu shi ake fara tambaya, ko da da kuɗinsa ya saya. Na ga mutanen kirki sun kwana a ofishin 'yan sanda a kan haka. In har za a sayi ta hannu, to a saya a shago tsayayye, ba a hannun wani a bakin titi ba, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shagon da lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata daban. Ana ganin lambar in aka danna *#06#. Ko sabuwa ce ma, Hajiya, ki danna ki kwatanta da wadda ke jikin kwali, in sun saɓa ki ajiye. Ta hannu kuma a goge ta gaba ɗaya a gabanki a sake kunnawa, domin in akwai asusun Google na tsohon mai ita a ciki, za ta kulle ta ce sai shi.

Bilya_POS:
Hajiya me zai hana ki karɓi mai 128 ɗin a tsarin biya kaɗan-kaɗan? Shaguna da yawa suna yi, ki ba da wani abu yanzu, sauran a wata-wata.

Zainab_Turare:
@Bilya_POS a'a don Allah. Na yi sau ɗaya. Da na haɗa abin da na biya gaba ɗaya, ya haura farashin hannu da nisa. Kuma akwai watan da yarona ya kwanta asibiti na makara kwana biyu, sai kawai wayar ta kulle, kira ma ban iya yi ba sai na biya. Ga mai sana'a da waya, ranar da ba ki da kuɗi ita ce ranar da kika fi buƙatarta.

Bilya_POS:
Allah sarki, ban san ya kai haka ba. Ni nawa ya tafi lafiya shi ya sa.

Ustaz_Kabiru:
Tunda an taɓo bashi, a kula da ɓangaren shari'a. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na hannu da hannu, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya da lokacin biya tun a wurin ciniki. Inda matsala take shi ne a ce in ka makara za a ƙara maka wani kuɗi a kan bashin, ko kuma ya zama wani kamfani ne ya ba ka rancen kuɗi da ruwa ka sayi wayar. Sai a karanta takardar da kyau kafin a sa hannu, in ba a gane ba a kai wa malami ya duba. Allah ne mafi sani.

Injiniya_Nura_GSM:
In dawo da mu kan wayar. Hajiya, akwai gwajin da nake ce wa kowa ya yi kafin ya bar shago, minti goma ne. Ki sa layinki ki ga 4G ya hau, ki kira wani ki ji murya ta kunne da ta lasifika. Kada ki biya ko sisi saboda 5G, MTN ya fara shi tun 2022 amma har yau ba ko'ina yake ba, kuma aikinki ba ya buƙatarsa. Ki fita da ita rana ki ga ko kina iya karanta rubutu, domin ƙananan da yawa a nan suke faɗuwa, a cikin shago fes, a waje duhu. Ki buɗe kyamara ki yi bidiyon minti uku ki taɓa bayanta, ɗumi ba komai, amma in ta yi zafi sosai a cikin shago mai fanka, ki tuna da watan Afrilu a Kano. Zafi shi ne babban abokin gabar batir.

Sai tambayar da ni nake ganin ta fi duka: ki leƙa wurin masu gyara biyu ki ce nawa ne sikirin ɗin wannan samfurin, kuma akwai shi a ƙasa? In suka ce akwai, ga kuɗinsa, to waya ce da za a iya rayuwa da ita. In suka fara cewa sai an aiko daga Legas, ki sake tunani. Akwai wasu sunaye da ba a san su ba da ke shigowa da manyan lambobi a kwali da farashi mai daɗi, wata shida ka nemi kayansu ka rasa. Akwai ma na jabu da za ka ga an rubuta 256 a ciki, kana zuba kaya kaɗan ta cika.

Garanti kuma galibi shekara ɗaya ne, amma bai shafi fashewar gilashi ko shigar ruwa ba. Don haka ki ware dubu biyu ko uku na gilashin kariya da riga mai kauri tun a ranar.

Baba_Mai_Goro:
Injiniya ka yi bayani, Allah ya yi albarka. Amma ni har yanzu ina ganin kwana nawa baiwar Allah za ta yi babu waya tana jiran dubu 35? Cinikin da ke wuce ta a kwanakin fa? Da babu gara ba daɗi.

Malam_Tukur_Lissafi:
Baba, wannan ma lissafi ne mai kyau, ban sa shi ba. Ita kaɗai ta san ribar da take samu a mako.

Maman_Ilham:
Baba ka taɓo inda ke mini ciwo. Jiya kaɗai mata biyu sun nemi leshin biki, kafin in gani da daddare sun saya a wani wuri. Amma maganar Zainab ta launi ma ta tsaya mini a rai, don an taɓa dawo mini da kaya a kan haka. Na yi magana da yayata, ta ce za ta iya ranta mini dubu 20 zuwa ƙarshen wata, babu ƙari. Saura 15. Ina tunanin in sayar da turmi biyu a kan sari in cike. Ranar Asabar zan shiga Farm Centre da ƙyallayena in gwada uku ko huɗu, ba shago ɗaya ba. Ƙanina ya ce zai raka ni, amma har yanzu yana kan bakansa na ta hannu.

Khalifa_S:
Ki bar shi ya nuna miki guda ɗaya kawai, ki ɗauki hoton jan ƙyallen da ita, ki ɗauka da sabuwar. Ba na neman fiye da haka.

Zainab_Turare:
Wannan adalci ne. Amma Yaya ki tambayi kuɗin sikirin ɗin duka biyun kamar yadda Injiniya ya ce, a gaban ƙanin naki.

Dan_Maradi:
Kuma a tambayi awa nawa kowace take kaiwa da data a buɗe.

Aminu_Funtuwa:
Salam. Na karanta tun daga sama. Ni mahaifiyata nake son saya wa, tana ƙauye wajen Bakori, babu wuta sai sola ta maƙwabta, idonta kuma ya fara rauni. Kiran bidiyo da jikoki kawai take so da sauraron wa'azi. Ita mai 3+5 ɗin da Hajiya ta bari, za ta yi mata?

Injiniya_Nura_GSM:
@Aminu_Funtuwa za ta yi, in dai lasifikarta na da ƙara kuma sikirin ɗin babba ne. Ka ƙara mata girman rubutu a saiti, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ka zuba mata wa'azin a katin memori. Amma kafin ka saya, ka fara tambaya wane layi ne ke kama 4G a garin nasu, kuma a wane gefen gidan.